Gaiwa a Rami na Biyu

Ku da kuke cewa fidda hanya ba aiki ba ne, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku, wancan mai wando kamar a jikinsa aka ɗinka shi, yana cewa ai yanzu salula ma tana fidda hanya, ka dangwala nan ka dangwala can, layi ya fito. Madalla. Ɗauki salular taka ka je bayan Dungas, kamyo, babbar motar kaya, ya kafe maka a yashi har ƙirji, sai mu ga in za ta sauko ta tura.

Ni Illa shekara talatin da ɗaya na yi a wannan sana'a, kuma ba tudun da ke tsakanin Magarya da Guci da bai san tafin ƙafata ba. Baƙi suna cewa ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma. Wanda ya faɗi haka a mota ya ratsa ta yana barci. Ƙasar nan tudu ce da kwari, tudu da kwari, har ka gaji da lissafi. Tudu yashi ne, yana haɗiye mota da rani. Kwari laka ce, tana haɗiye mota da damina. Aikinmu shi ne mu ratsa da hanya tsakanin bakunan nan biyu ba tare da ɗaya ya cije ta ba.

Aikin farko da aka ɗauke ni, wata ƴar hanyar kwasar gyaɗa ce wajen Kwaya, a shekarar saba'in. Ni ba yaro ba ne lokacin, da matata da ƴaƴa biyu, na gama yawon Kano na dawo da baki kawai. Aka ba ni mir, wani dogon allo mai lambobi ja da baƙi, aka ce in tsaya da shi a miƙe. Na ce wannan ai ko gawa aka jingina za ta iya. Kafin azahar kafaɗata ta rabu da ni ta koma gida. Can nesa shef, shugaban aikin, yana leƙe ta nibo, madubin nan mai ƙafa uku da ke nuna inda ƙasa ta hau da inda ta sauka, yana ɗaga hannu. In allon ya karkata da faɗin farce sai ya aiko a tambaye ni ko ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Sauran kayan ba su da yawa: sarƙa mai metir ashirin, pike na itace da muke kafawa, guduma, felu na kwasar ƙasa da diga, karne da kireyo, wato littafi da fensir, sai lema. Lemar nan ba ta mutum ba ce, ta nibo ce. Mu mu soye, ƙarfe ya sha inuwa.

Shef ɗin shi ne Habu, mutumin Magarya, gajere, mai ƙaramin gemu. Tun zamanin Nasara yake aikin, da riƙon lemar nan ya fara. A shekara huɗu da na yi ƙarƙashinsa sau biyu na ga haƙorinsa, ɗaya ma hamma yake. Ba shi da gidan kirki, kekensa ya girme ni. Abu ɗaya ya mallaka: ruwa bai taɓa cin hanyar da ya sa wa hannu ba. Direbobi in sun iso mararraba da damina sai su tambaya, ta wa ce wannan? In an ce ta Habu ce, sai su shiga da lodi ba su ko sauko sun duba ba. Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne garkensa.

Kwana uku na farkon kowane aiki ba ya barin a buɗe akwatin nibo. Tafiya muke da ƙafa. Ya dubi inda goriba da kaba suka yi yawa, ya ce ruwa na kusa. Ya dubi inda gara ta gina suri, ya ce nan ba ya kwanciya. Ya bi sawun jakuna ya ga ta ina suke hawa tudu da kaya, don ba a hawa tudu kai tsaye, a karkace ake bin haƙarƙarinsa, in ba haka ba kamyo mai buhu ɗari zai kai rabi ya dawo da baya yana salati. Kuma ba a bin gefen da iska ke zubda yashi, sai dai in kana so ka share hanyarka da tsintsiya kowace Juma'a. In zai yi tambaya, tsofaffin mata yake nema. Ya ce namiji inda yake so hanya ta bi zai nuna maka, tsohuwa kuwa inda ta taɓa zamewa da tulu.

Su kuwa masu hanyar, Allah ya shirye su. Mai sayen gyaɗa yana so ta bi ta ƙofar gidansa, in da hali ta shiga zaure ta gaishe shi. Manomi yana so ta bi ta gonar maƙwabcinsa. Ka kafa pike hamsin yau, gobe ka tarar sun yi tafiya da kansu taku ashirin zuwa gabas, duk garin kuma ba wanda ya gani. Waɗanda ba su yi tafiya ba gara ta ci, waɗanda gara ta raga mata sun dafa tuwo da su. Na taɓa shan fura a wani gida, na ga lambar da na rubuta da hannuna tana ci a murhu.

Yanzu bari in ba ku na shekarar saba'in da uku, sai ku daina ganin haƙorina.

Damina ta ƙi. Wadda ta gabace ta ma ba ta yi abin kirki ba. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe, shanu suna faɗuwa a burtali, mutane suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita su ci. Bayan kaka, kakar da ba a yi ba, aka turo mu mu fidda hanya daga babbar hanyar burji zuwa wani gari tsakanin Dungas da Guci, don kamyon dawar taimako ya samu shiga. Ba zan faɗi sunan garin ba, jikokinsu suna sayar mini da rake har yau. Garin yana bakin wani dogon kwari, tudu ya kewaye shi ta ko'ina. Kamyo biyu sun gwada shiga ta yashi, ɗaya sai da raƙuma suka jawo shi.

Layi biyu ne a gabanmu. Na tudu, wanda Shef Habu ya zana a karnensa, yana da tsawo, yana son yanka da ciko da burji mai yawa daga nesa, aikin wata shida ko fi. Na kwari gajere ne, a miƙe, sumul kamar faifai, wata biyu an gama. An haɗa mu da wani injiniya saurayi daga Yamai, mai takalmi mai sheƙi, da hoton da jirgin sama ya ɗauka. Ba mugu ba ne, sauri yake, shi ma ana matsa masa daga sama.

"Baba Habu, dubi hoton nan," in ji shi. "Fari fat. Ina ruwa a nan?"

"Jirgin da rani ya wuce, ko da damina?"

"Mutanen garin ma sun ce ruwa ba ya kwanciya."

"Sun ce."

Sun kuwa ce. Maza sun ce, tsofaffin matan da Shef ya saba dogara da su sun ce, kowa bakinsa ɗaya kamar an yi musu karatu. Iska ta lulluɓe gindin kwarin da yashi, dabbobi sun cinye kabar har saiwa, ba ka ganin komai. Shef ya ce to, a haƙa rami uku a tsakiyar kwarin, kowane iya ƙirji, a ɗebo masa ƙasar gindi. In yashi ne da tsakuwa, zai sa hannu. In laka ce, ko gwamna ya zo ba zai sa ba.

Da shi zai je da kansa. Amma kurkunu ta fito masa a idon sawu, ƙafar ta kumbura kamar turmi, yana zaune ƙarƙashin tsamiya a kan tudu yana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan. Ya dube mu duka ya ce, "Illa, bakinka ya yi yawa amma idonka na gani. Je ka."

Ramin farko, a bakin kwarin, yashi ne da ƴar tsakuwa. Na biyu a tsakiya. Ni da mutum biyu ƴan garin da muka ɗauka aikin yini. Muka kwashe yashi iya gwiwa, sai diga ta fara ƙara kamar tana dukan dutse. Laka ce baƙa ƙirin, ta bushe ta tsattsage. Na karɓi digar na ci gaba, sai na ɓalle wani dunƙule, ya rabe biyu, wani abu a ciki ya motsa ya yi ƙara kamar jariri mai shaƙuwa. Na yi tsalle ɗaya na fito daga ramin, tsallen da ko a dambe ban taɓa yi ba.

Gaiwa ce. In ina ba da labarin a tasha nakan ce ta kai tsawon kamyo. Gaskiyarta tsawon hannuna ce, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, a naɗe cikin fatarta, ta rame, tana jiran ruwa. Ku ƴan birni ba ku san ta ba. Kifi ce da in tafki ya ƙafe take shiga laka ta kwanta, shekara ɗaya, biyu, har ruwa ya dawo. Ba ta zama inda ruwa ke wucewa, sai inda yake kwana wata da watanni. Ba da ƙafa ta zo daga Kano ba. Muna tsaye ne a tsakiyar tafki.

Mutanen nan biyu ba wanda ya yi mamaki. Ɗaya ya ajiye felu ya nufi gari. Kafin in gama karkaɗe wandona ga Maigari ya iso, tsoho dogo, rigarsa ta yi masa yawa. Ya leƙa ramin, ya dube ni.

"Ɗana, ka gani."

"Na gani, Baba Maigari. Ku da kuka ce ko akuya ta yi fitsari a nan ba ya kwanciya."

"Mun ce. Ni na sa a ce. Ni na sa aka tsince katantanwa duk aka zuba a bayan gidana, aka ɓoye gorunan kamun kifi. Da ƴan gari muka yi ta addu'a kada ku haƙa."

"In ruwa ya dawo fa?"

"In ya dawo mu ne za mu fara murna. Amma ka ce mini, wata shidan da hanyar tudu za ta ci, wa zai rage ya gan ta? Matanmu yini biyu suke zuwa Dungas su dawo da tiya ɗaya. Satin nan yara uku muka kai kushewa, ba wanda ya isa yaye. Ba na ce ka yi mana hanyar shekara ɗari ba. Ta bana nake roƙo."

"Ba ni ke sa hannu ba, Baba. Shef ne."

"Shef ƙasar da ka kai masa zai gani."

Kada ku ce tausayi ne kawai, ban kai haka kirki ba. Akwai tausayi, akwai son a ce Illa ne ya kawo mota garin, akwai kuma cikina. Aka gasa gaiwar nan a bakin ramin, mu huɗu, kowa ya samu abin da bai fi yatsa biyu ba. Ma'aikata da yawa an toshe musu baki da rago, wasu da sa. Ni da rubu'in kifi mai ɗanɗanon laka aka saye ni, mafi arha a duk ƙasar Damagaram.

Na sa aka rufe ramin. Na uku ban ma haƙa shi ba. Na koma ramin farko na cika buhu uku, na rubuta musu ɗaya, biyu, uku, na hau tudu da la'asar.

Shef ya zazzage na biyu a kan tabarma. Ya ɗiba, ya tofa yawu, ya murza a tafin hannu ya ga ko za ta yi igiya. Ta warwatse.

"Daga gindi ka ɗebo?"

"Daga gindi, Shef."

"Ba laka?"

"Ko ta shafe tukunya."

"Katantanwa fa?"

"Ko ɗaya ban gani ba."

Wannan ta ƙarshe gaskiya ce. Ya daɗe yana kallon kwarin daga inda yake zaune. Ya ce, "Ƙasar ba ta yi kama da wurin ba. Amma kai ka je, ni ban je ba." Ya karɓi takardar injiniya ya sa hannu.

Wata biyu ba su cika ba katafila ta gama, aka shimfiɗa burji siriri kamar man shanu a tuwon marowaci. Kamyon farko ya shiga garin da jar dawa, mata suna guɗa da muryar da ba ta fita. Rani duka motoci suna shiga suna fita, har garuruwan bayansu suka ci albarkacin. Wannan ba zan ɓoye ba, garin ya rayu. Ni kuwa na zama ɗan gari, ko'ina Illa, Illa, har wata tsohuwa ta sa wa ɗan akuyarta sunana.

Damina ta saba'in da huɗu ruwa ya dawo. Cikin watan takwas aka yi kwana uku ana zubawa, duk tuddan nan suka juye abin da suka samu cikin kwarin. Da muka je, ba hanya. Ruwa ne shimfiɗe daga wannan tudu zuwa wancan, ga wani kamyo a tsakiya rufinsa kawai ake gani, buhunan iri sun kumbura a ciki, direban yana zaune a kan tudu ya rafka tagumi. Kwaɗi suna kuka kamar an biya su. A daidai inda na kafa pike mai lamba arba'in, wani mutum yana kan gora yana kamun kifi.

Lokacin soja ne, ba a wasa da kayan gwamnati. Manya uku suka zo bincike, aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin tsamiyar nan. Injiniya ya buɗe jaka ya fito da takarda, ya ce shi dai ƙasa aka gwada aka ce masa ta yi. Aka kira Maigari. Ya ƙara ƙiba, rigar ta zauna masa.

"Ranku ya daɗe, nan ai tafki ne tun kakanninmu. Yaro ma ya sani. Mun faɗa musu, ma'aikata ba sa jin maganar talaka."

Ya aika aka ɗebo katantanwar nan da ya ɓoye a bayan gidansa, kwando guda, aka zube a gaban manya don shaida. Ina zaune kamar taku biyar daga gare shi. Bai dube ni ba, ni ma ban ɗaga kai ba. Ban zarge shi sosai ba, tsoron kurkuku yake, kamar ni.

Babban cikinsu ya juya wajen Shef. "Wa ya haƙa ramukan gwajin?"

Ni da bakina ba ya rufuwa ko ina cin abinci, ranar harshena ya yi nauyin guduma. Shef ya ce, "Hannun wa kuka gani a takardar?"

"Naka."

"To."

Ba a ɗaure shi ba, an dubi furfurarsa. Korarsa aka yi, saura shekara biyu ya huta da haƙƙinsa. Da aka nemi wanda zai riƙe nibo, aka duba aka ga ba wanda ya san aikin kamar Illa.

Ranar da zai miƙa kaya na same shi a biro, ofishinmu, da hantsi. Ya jera su a kan tebur, ya goge madubin da gefen rawaninsa, ya nuna mini ƙafar da ke sassautawa in rana ta yi zafi. Ya ɗora karnensa a kai.

"Shef, ramin nan na biyu..."

"Riƙe bakinka. Ranar da ya kamata ka buɗe shi ta wuce, sau biyu."

"Zan je in faɗa musu."

"Su kore mu mu biyu, su kawo wani mai hoton jirgi? Layin tudu yana cikin karnen nan, pike ɗaya-ɗaya. Ka fidda shi yadda na zana. In ka karkata da taku ɗaya zan sani."

"Ka yafe mini, Shef."

"Ka duba kayan, in sun cika ka sa hannu."

Na sa hannu. Ya ɗauki kekensa ya tura shi, don ƙafar ba ta sake komawa daidai ba.

Rani na gaba na fidda layin tudu, ban ƙara ko ɗigo nawa ba. Wata bakwai muka yi. Hanyar nan tana nan har gobe, ruwa bai taɓa taɓa ta ba, yashi bai rufe ta ba, kamyo na hawa da lodi kamar yana saukowa. Shef Habu kuwa ya koma auna wa mutane filin gida da igiya a Magarya. Shekara goma sha ɗaya muna gari ɗaya, masallacin Juma'a ɗaya. In na yi masa sallama yana amsawa, don addini ya ce a amsa. Bai taɓa ƙara ko "ina gajiya" a kai ba, har aka kai shi.

Na faɗi labarin nan a tasha ya fi sau ɗari bayan rasuwarsa. Dariya suke, su ce Illa da ƙarya, wai kifi a cikin yashi. Ba wanda ya canza komai. Ku je mararrabar yau ku tsaya ku ji abin da direbobi ke gaya wa baƙo: ka hau ta Illa, kada ka sauka ta Tafkin Habu. Jikansa yana jan kamyo yanzu, yaro mai ladabi, yana rage mini hanya in ya gan ni. Shi ma haka yake cewa.